Motar da ta ƙi tsayawa sai bayan mita 518

Shekaranjiya da daddare ƙanwata ta turo min hoton littafinta, wai "Yaya don Allah duba min wannan, na yi komai daidai amma amsata ta ƙi zuwa ɗaya da ta bayan littafi." Tambayar fiziks ce irin wadda duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya taɓa cin karo da ita: mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka burki, gudun yana raguwa da 5 m/s², to mita nawa za ta ci kafin ta tsaya cak? Na bi aikin nata layi-layi. Fomula daidai, v² = u² + 2as, inda u gudun farko ne, v gudun ƙarshe, a ƙarin gudu ko raguwarsa, s kuma nisa. Ta sa v sifili tunda tsayawa motar za ta yi, ta sa alamar ragewa gaban 5 ɗin tunda burki ne, kai har wannan wurin da ke kayar da yara da yawa ita ta tsallake shi lafiya lau. Sai ta ɗauki 72 ta ninka shi sau kansa ya ba ta 5184, ta raba da 10, ta rubuta mita 518.4 ta ja layi biyu a ƙasa. Littafi kuma ya ce mita 40.

Abin ya tsaya min a rai sosai, domin yarinyar nan ta gane fiziks ɗin, ta san abin da ke faruwa da motar, ta san fomular da ta dace, amma da a jarrabawa ne sai ta rasa makin kusan gaba ɗaya, ta fito tana cewa ita kanta ba ya ja, alhali kan nata ƙalau yake. Irin wannan ne ke sa yaro ya tsani darasi ba gaira ba dalili, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin a tsanake.

Matsalar ita ce 72 ɗin nan da 5 ɗin nan ba yare ɗaya suke yi ba. Shi 72 da kilomita da awa yake magana, shi kuma 5 da mita da sakan, fomula kuwa ba ruwanta, duk abin da ka zuba mata haka za ta niƙa ta ba ka, kalkuleta ma haka, ba zai taɓa ce maka tsaya ka haɗa abin da ba ya haɗuwa ba. Kilomita ɗaya mita 1000 ce, awa ɗaya sakan 3600 ce, kenan motar da ke cin kilomita 72 a awa tana cin mita 72,000 cikin sakan 3600, ka raba ka ga mita 20 a kowane sakan. To yanzu 20 sau 20 ya ba da 400, a raba da 10, mita 40. Shikenan fa, layi ɗaya tak ta tsallake.

Kafin in nuna mata wannan sai da na fara tambayarta, na ce ke kin taɓa ganin motar da aka taka wa burki da ƙarfi ta ci fiye da rabin kilomita tana ja? Mita 518 fa kusan tsawon filin ƙwallo biyar ne a jere. Ta yi shiru, can ta ce "gaskiya ya yi yawa Yaya, ni ban ma kalli lambar a matsayin nisa ba." Wannan maganar tata ita ce ainihin ciwon, da zarar lamba ta rabu da ma'auninta ta daina zama nisa ko gudu ko lokaci, ta koma zane kawai a takarda, kuma ba wanda zai ji a jikinsa cewa zane ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Akwai wani abu a kuskuren nan da nake so a lura da shi. Tsakanin km/h (kilomita a awa) da m/s (mita a sakan) ninki 3.6 ne, wato 3600 a raba da 1000, to mutum zai zaci idan ya manta bai juya ba amsarsa za ta kauce da ninki 3.6. Amma ka raba 518.4 da 40 ka gani, 12.96 za ka samu. Dalili kuwa gudun sikwaya aka yi masa, shi ma kuskuren ya ninka kansa, 3.6 sau 3.6. A wata fomular kuskuren ya tsaya a 3.6, a wata ya haura kusan 13, a s = ut + ½at² kuwa, inda t lokaci ne, rabi ya lalace rabi yana daidai, ut ya kumbura amma ½at² yana nan lafiya, sai amsa ta fito wata iri wadda ko ka raba ta da 3.6 daga baya ba za ta gyaru ba. Shi ya sa ban yarda da masu cewa "bari in gama sai in juya a ƙarshe" ba. A juya tun a layin farko, wurin da ake jera u da v da a da t, kafin ma a taɓa fomula.

Sannan ga masu rikicewa tsakanin ninkawa da rabawa, a ninka da 3.6 ne ko a raba? Ni ban cika son a haddace wannan ba, don abin da aka haddace ba fahimta shi ne farkon abin da ke gudu daga ka idan aka shiga ɗakin jarrabawa. Abin da na saba yi shi ne in rubuta ma'aunin kamar shi ma lamba ne: 72 km/h × (1000 m / 1 km) × (1 h / 3600 s). Km na sama ya kashe km na ƙasa, h ya kashe h, abin da ya rage m/s, idan kuwa ka kifa ɗaya daga cikinsu nan take za ka ga abu ya ƙi kashe ɗan'uwansa, ka ga km² ko h² yana kallonka, ka san ka yi kwana ba daidai ba. Kuma ba ka canza gudun motar ba, tunda mita 1000 bisa kilomita 1 ai ɗaya ne, da ɗaya kake ta ninkawa. In kuma sauri kake to ka riƙe wannan, lambar m/s kullum ita ce ƙarama, domin abin da mota za ta ci a sakan guda ba zai kai ko kusa da na awa ba. Kowane 18 km/h daidai yake da 5 m/s, kenan 36 ya zama 10, 54 ya zama 15, 72 ya zama 20, 90 ya zama 25, 108 ya zama 30. Masu tsara tambayoyi suna matuƙar son lambobin nan saboda suna rabuwa tas, duk lokacin da ka ga 54 ko 72 ko 108 a tambayar mota to kamar ana ɗaga maka hannu ne ana cewa juya ni.

Wani zai ce to kenan fomulolin nan da mita da sakan kaɗai suke aiki? A'a fa, ko kaɗan. Tsarin SI, wato tsarin ma'auni na mita da sakan da muke amfani da shi, a 1960 aka tsayar da shi da wannan suna, shi kuwa Galileo tun 1638 ya wallafa bayanin cewa abin da gudunsa ke ƙaruwa bai-ɗaya nisan da yake ci yana tafiya ne da sikwayar lokaci, lokacin ko mita ba a ƙirƙiro ba. Fomula ba ta san mita ba, abin da take nema kawai kowa ya yi yare ɗaya. Na gwada wa ƙanwar tawa wannan don ta gani da idonta, muka bar 72 yadda yake, muka juya 5 ɗin zuwa kilomita da awa. 1 m/s² daidai yake da 12,960 km/h², domin 3600 sau 3600 a raba da 1000 kenan, to 5 ya zama 64,800. Ka raba 5184 da 129,600 ka samu kilomita 0.04, wato mita 40 ɗin nan dai ba ƙari ba ragi. Hanyar tana ɓullewa, sai dai lambobin sun yi ƙato ba su da daɗin riƙo, shi ya sa kowa ya fi son mita da sakan.

Shi kansa m/s² ɗin, ina ganin rashin jin ma'anarsa na cikin abin da ke jawo ruɗanin, yara suna rubuta shi amma ba wanda ya taɓa ganin sakan mai sikwaya a duniya. Ma'anarsa kawai, gudu yana ƙaruwa da mita kaza a sakan, cikin kowane sakan. Mota ta tashi daga tsaye da 2 m/s², bayan sakan ɗaya gudunta 2 m/s, bayan biyu 4, bayan uku 6, nisan da take ci kuwa mita 1 a sakan na farko, 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu, ka tara ka ga 1, 4, 9, 16. Sakan biyu ne a cikin ma'aunin, ɗaya na cikin gudun ɗaya na ƙaruwar gudun.

To a nan ne gizo ke saƙar, domin ba dole ne lokutan nan biyu su zama iri ɗaya ba, kuma wannan tarkon ya fi na farko haɗari don wani lokaci yana ba da amsa daidai. A ce mota ta tashi daga tsaye ta kai 108 km/h cikin sakan 10. Yaro ya raba 108 da 10 ya samu 10.8. Lambar nan ba ƙarya ba ce, tana da ma'ana sarai, allurar maleji tana hawa da 10.8 km/h a kowane sakan, kuma idan aka ce masa meye gudun bayan sakan 5 ya ninka ya ce 54 km/h, ya ci, daidai ne. Amma ma'auninta km/h ne a kowane sakan, awa da sakan a cakuɗe wuri guda, shi kuma sai ya manna mata m/s² don haka ya saba gani. Ana zuwa ɓangare na biyu na tambayar, wai nisa nawa ta ci a sakan 10 ɗin, sai ya yi ½ × 10.8 × 100 ya samu 540. Gaskiyar magana 108 km/h shi ne 30 m/s, ƙarin gudun 3 m/s² ne, nisan kuma mita 150. Yaron nan zai rantse hanyarsa daidai ce tunda ta ba shi amsar farko, kuma wahalar fahimtar da shi ta fi ta wanda ya faɗi tun daga farko.

Ma'aunin da nake gwada duk wani ƙarin gudu da shi shi ne dutsen da aka saki daga sama, wanda gudunsa ke ƙaruwa da kusan 9.8 m/s². Motar hawa ta yau da kullum ba ta kai wannan wurin tashi ba, ko an take totur har ƙasa. Idan aka ce mota ta kai 100 km/h cikin sakan 8 ka samu 12.5 m/s², to kana cewa ne ta fi dutse mai faɗowa saurin ɗaukar wuta, ka koma ka duba, 100 km/h shi ne kusan 27.8 m/s, a raba da 8 ya ba da kusan 3.5. Wurin burki ma haka, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau abin yana yawo ne wajajen 7 zuwa 8 m/s², duk amsar da ta ce 30 ko 50 to ko dai karo aka yi ko ma'auni ya cakuɗe. Af, tunda na ambaci 27.8, kar a yi saurin mayar da shi 28 a tsakiyar aiki, sikwayar 28 ita ce 784, ta 27.78 kuwa kusan 771.7, da burkin 7 m/s² ɗaya ya ba da mita 56 ɗaya kusan 55.1. Ba wani babban abu ba ne amma yana iya raba ka da amsar da ke cikin zaɓi, a bar lambar a kalkuleta sai ƙarshe a daidaita.

Akwai tambaya ɗaya da nake matuƙar so, ta motoci biyu, ita na ba ƙanwar tawa bayan mun gama da ta burkin. Mota ta farko ta wuce da gudun 90 km/h ba ƙari ba ragi, a daidai lokacin ta biyu da ke tsaye ta tashi da 2 m/s² tana binta, yaushe za ta kamo ta, a wane nisa, kuma da wane gudu? Idan an juya, 90 ya zama 25 m/s, nisan ta farko 25t, na ta biyu ½ × 2 × t² wato t², ka daidaita su ka samu sakan 25, mita 625, gudun ta biyu kuma 2 × 25 wato 50 m/s, wanda shi ne 180 km/h. To yanzu dubi wanda bai juya ba. Zai rubuta 90t = t², ya samu sakan 90, nisa 8100, gudu kuma 2 × 90 wato 180, sai ya waiga ya ga tambaya da km/h ta zo ya rubuta 180 km/h. Faɗuwa ta zo daidai da zama! Amsar ƙarshen ta yi daidai da ta gaskiya, lokaci da nisa kuwa duk sun tafi daji. Dalili shi ne a irin wannan tambayar duk motar da ta tashi daga tsaye da ƙarin gudu bai-ɗaya, lokacin da za ta kamo ta gaba gudunta ninki biyu ne na waccan, ko nawa ne ƙarin gudun, don haka 90 dole ya haifi 180 ko ta wace hanya aka bi. Wallahi ranar da na fara lura da wannan na daɗe ina kallon takardar, domin ya nuna min cewa dacewar lamba da ta bayan littafi ba ta isa shaida ba, sai an duba abin da ke manne da lambar a kowane layi.

Lokaci ma yana da nasa. Tambaya ta ce gudu ya tashi daga 36 zuwa 90 km/h cikin rabin minti, mutum ya juya gudun biyu tsaf, 10 da 25, ya ji ya gama, sai ya sa t = 0.5 ya samu 30 m/s², alhali sakan 30 ne, ƙarin gudun 0.5 m/s², nisan mita 525. Haka minti 2 da sakan 30, wasu su danna 2.30 a kalkuleta, shi kuwa 2.5 ne a minti ko 150 a sakan, don minti sittin-sittin yake tafiya ba ɗari-ɗari ba.

Wanda ke neman tambayoyi a intanet kuma dole zai haɗu da na Amurka da Ingila inda malejin mota mil yake ƙirgawa. Mil ɗaya mita 1609.344 ne, ƙafa ɗaya mita 0.3048, haka aka tsayar tun 1959. Su ma ɗaliban Amurka ciwon ɗaya ne, gudu a mil cikin awa, ƙarin gudu a ƙafa da sakan, sai an juya, mil 60 a awa shi ne ƙafa 88 a sakan cif, ko kusan 26.8 m/s, dutse mai faɗowa kuma a wurinsu kusan 32.2 ne maimakon 9.8. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya raba mil da 3.6 don hannunsa ya saba, alhali 3.6 na kilomita ne kaɗai, na mil ninkawa ake da 0.447. Ko a tallar motoci, sifili zuwa mil 60 da sifili zuwa kilomita 100 ba abu ɗaya ba ne, mil 60 kusan kilomita 96.6 ne, kwatanta lokutan biyu kai tsaye akwai 'yar rashin adalci a ciki.

Kuma don kar yara su ɗauka wannan kuskuren na marasa ƙoƙari ne, na ba ta labarin kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA da ya salwanta ranar 23 ga Satumba 1999, wata manhaja tana fitar da lissafin tunkuɗar injin da ma'aunin fam, wadda ke karɓa tana ɗauka niyuton ne, wato ma'aunin ƙarfi na tsarin SI, bambancin ninki 4.45, kumbon ya sauko ƙasa fiye da kima a sararin duniyar Mars aka rasa shi. Ga kuma jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 da mai ya ƙare masa a sama ranar 23 ga Yuli 1983, cikin dalilan har da lissafa man da fam a maimakon kilogiram, matuƙan suka lallaɓa suka sauke shi ba inji a Gimli ta ƙasar Kanada, ba a rasa rai ba. Ƙwararru ne duk waɗannan, lambobi suka miƙa wa juna kowa yana zaton ya san ma'aunin da ɗan'uwansa ke nufi.

Wani amfani da rubuta ma'auni ke da shi wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, yana kama fomular da aka tuno ba daidai ba. Ka yi shakka ko s = ut + ½at ne ko ½at², sa ma'auni ka gani, m/s² sau s ya ba da m/s, gudu kenan, ba a tara gudu da nisa, amma m/s² sau s² ya ba da m, ya zauna daidai kusa da ut wanda shi ma m ne. Haka v² = u² + 2as, hagu m²/s², dama ma m/s² sau m ya ba da m²/s². Abin da ba zai kama maka ba shi ne ½ ɗin da 2 ɗin, tunda su ba su da ma'auni, waɗannan kam sai ka san inda suka fito.

Da muka zo kan tambayar motoci biyun ban ce mata komai ba na bar ta da ita. Bayan kamar minti goma ta turo hoto, a saman shafin ta jera u = 90 km/h = 25 m/s, a = 2 m/s², kowace lamba da abinta a gefe har ƙasa, ta samu sakan 25 da mita 625 da 50 m/s. A ƙasan ta ƙara wani layi da ban tambaye ta ba, ta ninka 50 da 3.6 ta rubuta 180 km/h, sannan ta turo saƙo wai "Yaya wannan direban na biyu ai ya kusa ƙure maleji, anya tambayar nan ba ta yi ganganci ba?" Na ce mata ta yi, kuma motar gaske ba za ta riƙe 2 m/s² daram har sakan 25 ba, ana canza giya iska kuma tana ƙara turjiya yayin da gudu ke hawa, fomulolin nan suna aiki ne muddin ƙarin gudun bai canza ba. Ta ce to gobe za ta turo min ta gaba, wadda aka haɗa da lokacin da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai kan burki, ta riga ta lissafa cewa a 72 km/h sakan ɗaya na jinkiri mita 20 ne a kan 40 ɗin.